Su da ƙugiya: yadda ake ƙera kifin ƙarya a gida

Wannan jawabi an shirya shi domin azuzuwan yaƙi da jahilci na Birni da ƙauyukan kewaye. Mai koyarwa ya karanta shi da ƙarfi, sannu-sannu, kashi-kashi. Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba tukuna.

  

Maganar yau maganar kifi ce. Wani zai yi dariya ya ce: "Kifi a Birni? Garin da ke zaune cikin duwatsu?" Yana da gaskiyarsa. Damagaram ta daɗe da sanin wahalar ruwa. Tun zamanin Sarki Tanimun, wanda ya kewaye Birni da ganuwa, rijiya abu ne mai daraja. Ƙarancin ruwa yana cikin dalilan da suka sa Nasara suka ɗauke babban birnin ƙasa daga Damagaram suka mai da shi Yamai a 1926.

Amma duk da haka mutumin Birni yana son kifi a miyarsa. Ga banda nan a kasuwar Dole, wadda ake kawowa daga gabas. Ga ɗanyen kifi da ke zuwa daga tabkuna. To, wannan kifi ba daga sama yake faɗowa ba. Yana da gida, kuma gidan nasa yana iya lalacewa.

Ina ruwan yake?

Jahar Damagaram tana da ruwa fiye da yadda baƙo ke tsammani. Akwai tabkin Gidimuni, wajen kilometir 70 gabas da Birni, kan hanyar Gure. Akwai tabkin Lasuri. Akwai koramu na kudu, wajen Matamai da Magarya. Akwai madatsar ruwa ta Kasama. Ban da su akwai ƙananan tabkuna masu yawa da ke cika da damina, su ƙafe da bazara.

Duniya ma ta san da waɗannan ruwaye. A 1971 ƙasashe suka ƙulla alkawari a garin Ramsar na ƙasar Iran domin kiyaye tabkuna da fadamu masu amfani. An rubuta Lasuri cikin wannan lissafi a 2005. An rubuta Gidimuni a 2019.

Ruwa kuwa ba shi da alkawari. A 1963 faɗin tabkin Cadi ya kai kilometir murabba'i 25.000. Bayan farin 1973 da na 1984 abin da ya rage bai kai kashi 1 cikin 10 ba. Masunta da yawa suka rasa abin yi. In babban tabki irin wannan ya iya ja da baya, ina ga ƙaramin tabkin ƙauye?

Mai fatsa da masunci

Su iri biyu ne. Akwai su na sana'a. Shi ne aikin Sarkawa da sauran masunta, masu jirgi da gora, masu birgi da kalli da mamari. Da shi suke ci da iyalinsu. Suna da shugabansu, Sarkin Ruwa.

Akwai kuma fatsa. Mai fatsa mutum ne da ƙugiya guda da zare guda. Manomi ne da ya gama aikin kaka. Tela ne ko ma'aikaci da ya sami hutun Lahadi. Tsoho ne da jikansa. Ba kasuwa yake nema ba. Yana neman hutun rai, da iska mai daɗi, da ɗan abin miya. In ya kama 5 ya gode Allah. In bai kama ba, bai yi asarar kome ba.

Kada a raina wannan ɗan abin miya. Kifi abinci ne mai gina jiki kamar nama da ƙwai da wake. Yaron da aka yaye yana bukatarsa. Mai ciki da mai goyo suna bukatarsa. Tarwaɗa 2 cikin miyar kuka sun ishi gida ya san an yi canji.

Kuma ƙugiya tana da wata daraja da ba kowa ya lura da ita ba. Ƙugiya tana zaɓe. Kifi guda take kamawa a lokaci guda, kuma girman ƙugiya shi ke nuna girman kifin. Babbar ƙugiya ba ta shiga bakin ɗan kifi. Wannan shi ne gindin maganar yau. A riƙe shi, za a dawo kansa.

Kowane kifi da halinsa

Wanda bai san halin kifi ba zai wuni a bakin ruwa a banza. Ga huɗu da ya kamata a sani.

Tarwaɗa. Ba ta da ɓawo a jiki, tana da gashin baki. Idonta ƙarami ne. Da gashin bakin nan take laluben abinci a ƙasan ruwa, tana bin wari. Ta fi yawo da dare da lokacin da ruwa ya yi duhu. Tana iya shaƙar iska, shi ya sa take daɗewa a waje ba ta mutu ba. Abincin ƙugiyarta tana ne, da hanjin kaza, da ɗan kwaɗo.

Karfasa. Tana cin gansakuka da ƴan ƙwari. Bakinta ƙarami ne, sai ƙaramar ƙugiya. Ana sa mata guntun tana, ko gara, ko shinge, ko dusa da aka kwaɓa da ƙuli-ƙuli. Wata irin karfasa a baki take ɗaukar ƙwanta, ɗaruruwa, har su ƙyanƙyashe. Wanda ya kama irin wannan uwa ya ga ƙwai a bakinta, ya mai da ita ruwa. Ba kifi guda ke hannunsa ba.

Gaiwa. In tabki ya ƙafe sai ta nutse cikin laka, ta naɗe kanta, ta yi watanni tana jiran ruwan sama. Tana da cizo mai tsanani. Ba a sa mata yatsa a baki.

Giwan ruwa. Shi ne maharbin ruwa. Ƙananan kifi yake ci, kuma da ido yake farauta. Yana son ruwa mai zurfi wanda ba ya ƙafewa. A manyan koguna da tabkuna ana samun wanda ya wuce kilo 100. Ana samunsa kuma a tabkunan da ma'aikatan ruwa da daji suka zuba shi.

To, ga hukuncin. Kifin da ke bin wari, a ba shi abinci na gaske. Kifin da ke farauta da ido, shi ake yaudara da kifin ƙarya. Giwan ruwa ne kan gaba. Babbar tarwaɗa ma takan kai masa cafka in ya gitta kusa da ita. Wanda ya yi tafiya zuwa kogin Kwara zai tarar da tsage, mai haƙora kamar zarto, shi ma yana son abu mai ƙyalli.

Kayan aiki

Ba a fafe gora ranar tafiya. A shirya kaya tun a gida.

1. Ƙugiya. Ita da zare su ne kaɗai abin saye. A sayi manya da ƙanana. A gwada kaifinta a kan farce. In ta zame ba ta kama ba, a wasa ta da dutse.

2. Zaren roba irin na masunta, gaba 20 zuwa 30.

3. Sanda. Gora mai lanƙwasa, tsawon gaba 2, ta isa ga karfasa.

4. Abin shawagi, mai nuna kifi ya taɓa. Totuwar kara tana yi. Guntun tsohon silifa ya fi ta daɗewa.

5. Abin nauyi, mai kai ƙugiya ƙasa. Tsohon noti ko ɗan tsakuwa.

6. Kwalba mai santsi ko dogon gwangwani na naɗe zare.

Mene ne kifin ƙarya?

Abu ne da aka ƙera da ƙarfe ko itace, aka ɗaura masa ƙugiya. In ana jansa cikin ruwa sai ya yi ta ƙyalli yana karkaɗa kamar ɗan kifi mai rauni. Babban kifi ya gani, ya ce ya sami banza. Kwaɗayi mabuɗin wahala.

Amfaninsa uku ne. Ba ya ruɓewa. Ba a haƙar tana da rani lokacin da ƙasa ta bushe. Kuma ɗan kifi ba ya iya haɗiye shi.

A kantunan manyan birane ana sayar da na Turawa, da tsada. Amma a ji asalinsa. A ƙasar Finlan, can arewacin Turai, an yi wani matalaucin masunci, sunansa Lauri Rapala. Ya daɗe yana kallon ruwa. Ya lura babban kifi ba ya bin lafiyayyun ƙanana, sai wanda ke tafiya yana tangaɗi. A 1936 ya ɗauki wuƙa ya sassaƙa ɗan kifi da ɓawon itace marar nauyi, ya naɗe shi da takarda mai ƙyalli ta cakulan. Kifi suka yi ta kamuwa. Yau ana sayar da kifin ƙarya mai sunansa a ƙasashe da yawa na duniya. Ba injin ya soma da shi ba. Ido ne da wuƙa da haƙuri. Waɗannan kuwa akwai su a Birni, garin maƙera da dukawa.

Ga iri huɗu da kowa zai iya yi.

Na farko: na cokali

Shi ya fi sauƙi, kuma shi ya fi tafiya nesa in an jefa.

1. A nemi tsohon ƙaramin cokalin ƙarfe, irin na shayi.

2. A kai wa maƙeri ya yanke mariƙin, ya goge wurin da magagari.

3. Ya huda rami 2, ɗaya a kowane ƙarshe.

4. A yi zobe 2 da waya mai ƙarfi, a sa a kowane rami.

5. A rataya ƙugiya a zoben da ke gefe mai faɗi. A ɗaura zare a zoben da ke gefe mai tsini.

6. A ɗaura ɗan jan zare a wuyan ƙugiya, tsawon gaɓar yatsa.

7. A goge cokalin da toka har ya yi ƙyalli.

Cokali yana da aibi guda: in an ja shi da sauri yakan yi ta juyawa ya murɗe zare. Masu sayar da kayan su suna da ɗan ƙarfe mai juyawa da ake sawa tsakanin zare da cokali. In babu shi, bayan jifa 10 a ɗaga cokalin ya rataya, zaren zai warware da kansa.

Na biyu: na gwangwani

Wanda ba shi da cokali ya nemi gwangwanin tumatir ko na madara. A yanke shi da almakashin ƙarfe, siffar ganyen darbejiya, tsawon santimetir 6, wato kamar ɗan yatsa. A yanko 2, a haɗa su, a lanƙwasa baki a bubbuge, domin ya yi nauyi kuma kada ya yanki hannu. A huda shi da ƙusa gaba da baya. A ɗan lanƙwasa shi kamar harafin S. Wannan lanƙwasa ita ke sa shi rawa. Sauran aikin kamar na cokali ne. Gwangwani yana tsatsa, saboda haka a shanya shi bayan an dawo, a shafa masa ɗan mai.

Na uku: na itace

Wannan shi ne aikin gwani, yana son natsuwa.

1. A nemi busasshen itace marar nauyi, wanda ya faɗi da kansa. Ba a sare ɗanye saboda ɗan abin da bai fi yatsa ba. Busasshiyar tumfafiya tana yi. Ɗanyarta kuwa a guje ta, nononta yana ɓata ido.

2. A sassaƙa shi siffar ɗan kifi, tsawon santimetir 8, kai da kauri, wutsiya siririya. Gefen dama da na hagu su zama daidai.

3. A tsaga cikinsa da wuƙa daga kai zuwa wutsiya, tsaga marar zurfi.

4. A kwantar da waya guda cikin tsagar. A lanƙwasa ta ta fito da ido 3: ɗaya a hanci na zare, ɗaya a ciki, ɗaya a wutsiya, na ƙugiya. Dalilin waya guda shi ne, ko babban kifi ya fasa itacen, ƙugiya tana nan haɗe da zare.

5. A sa guntun ƙusa cikin tsagar wajen ciki, domin ya zauna daidai cikin ruwa, kada ya kife. A toshe tsagar da gam.

6. A yi ƴar tsaga a ƙarƙashin haɓa, a soka ɗan gwangwani kamar farcen babban yatsa, yana duban gaba da ƙasa. Shi ne harshe. Ruwa yana bugunsa, sai kifin ya nutse yana karkaɗa.

7. A manna masa takarda mai ƙyalli ta kwalin shayi. A baƙanta bayansa, a bar cikinsa fari, a ɗiga masa ido.

8. A shafe shi da man ƙyalli na kafinta sau 2, a bari ya bushe sarai.

Kafin a tafi tabki a gwada shi cikin babban daro. In ya karkata dama, a ɗan lanƙwasa idon hancin zuwa hagu. In ya karkata hagu, a lanƙwasa shi dama. Kaɗan-kaɗan, ba da ƙarfi ba. Na farko ba ya yin kyau. Na uku yakan yi.

Na huɗu: farar ƙarya

Da maraice kifi sukan taso sama suna cafkar ƙwarin da suka faɗa ruwa. A yanki ɗan silifa kamar ƙwayar gyaɗa, a ɗaure shi a bayan ƙaramar ƙugiya. A ɗora gashin zabo 2 a kai kamar fiffike, a naɗe da baƙin zare. A sa shi a sandar gora, a ajiye shi a hankali kan ruwa kusa da ciyawa, a riƙa ɗan motsa shi. Wani lokaci karfasa takan ɗauka. Wannan aikin yara ne mai kyau, kuma ba shi da tsada.

Abu guda ya shafi dukansu. Kifi mai haƙora yana yanke zare. Inda ake tsammaninsa, a sa siririyar waya tsawon taki guda tsakanin zare da kifin ƙarya. Sili guda na wayar birkin keke ya isa.

Jifa da ja

Ba sai da sandar Turawa mai ƙarfen naɗi ba. A naɗe zare a jikin kwalba. A riƙe wuyanta da hagu, gindinta yana duban ruwa. Da dama a kaɗa kifin ƙarya kamar majajjawa, a sake shi. Zaren zai zube daga kwalbar da kansa. Amma kafin a kaɗa a waiwaya, kada ƙugiya ta kama kunnen wani.

In ya faɗa ruwa a ƙirga 1, 2, 3, sa'an nan a soma naɗewa. A ja, a ɗan tsaya, a sake ja. Sau da yawa lokacin tsayawar nan kifi ke kai hari. In ya kama kada a fizge da ƙarfi, kuma kada a naɗe zare a yatsa, yana yanka. In ya ja a sakar masa kaɗan, in ya gaji a jawo.

A nemi kifi inda yake ɓuya: gefen ciyawa, gindin itacen da ya faɗa ruwa, kusa da dutse, da inda ruwa ke shigowa tabki. A yi tafiya a hankali, a rage magana. Kada inuwar mutum ta faɗa kan ruwa. Kifi na ganinka, mai jar koma.

Lokaci ma yana da nasa. Daga asuba zuwa hantsi, da daga la'asar zuwa magariba, su ne suka fi. Da sanyin hunturu kifi yakan yi nauyin jiki, sai rana ta ɗaga. Da damina ruwa ja ne, kifi ba ya ganin ƙyalli. Bayan kaka, in laka ta kwanta ruwa ya washe, lokacin kifin ƙarya ya yi.

Abin da ke kashe tabki

Yanzu a koma gindin magana. Tabkuna suna da maƙiya. Rairayi yana cike su. Kacala tana rufe su, kamar yadda mutanen Gidimuni suka sani. Amma maƙiyin da ya fi sauri ɗan Adam ne.

Na farko gidan sauro. An raba shi domin ya tsare yara da mata masu ciki daga zazzaɓi. Wasu kuwa sun mai da shi abin su. Idonsa ƙanana ne, ba ya barin kome: uwa, da ɗa, da ƙwai. Ga asara biyu. Yaro ya kwana sauro yana cizonsa, tabki kuma ya rasa irinsa.

A yi lissafi, a matsayin misali. A ce ja guda na gidan sauro ya kwaso ƴaƴan kifi 200. Dukansu ba su kai kilo 1 ba. Da an bar su, a ce rabi sun mutu, 100 sun girma, kowane ya kai giram 250. Kifi 4 ke nan a kilo 1. Kifi 100 sun zama kilo 25. Wato an sayar da kilo 25 a kan abin da bai kai kilo 1 ba. Wane manomi ne zai dafa irin shukarsa ya cinye ranar da aka yi ruwan farko?

Na biyu guba. Da can magimfa ake zubawa. Yanzu har maganin feshi na gona wasu ke zubawa. Yana kashe babba da ƙarami. Shanu da awaki suna shan ruwan. Mata suna wanki a ciki. Kifin kuma cikin mutane yake ƙarewa.

Na uku su lokacin haihuwa. Da ruwan farko, in tabki ya malala cikin ciyawa, tarwaɗa takan hau wurin marar zurfi ta zuba ƙwai dubbai. A lokacin ko da sanda ana iya kashe ta. Sauƙin nan shi ne haɗarin. Daga saukar damina har tsakiyarta, a bar ruwa ya huta.

Mutanen Argungu a ƙasar Kabi sun san wannan. Bikin su nasu, wanda aka soma a 1934, ya yi suna a duniya saboda manyan kifi. Sirrin kuwa shi ne, wurin da ake bikin an hana su a cikinsa sai ranar da aka buɗe. Ruwan da ya huta shi ke ba da babban kifi.

Saboda haka mai fatsa na kirki yana da ƙa'ida. Kifin da bai kai tafin hannu ba, a jiƙa hannu, a cire ƙugiya a hankali, a mai da shi. Wanda ya danne kunnen ƙugiyarsa da awartaki zai ga cirewa ta yi sauƙi. A ɗauki abin da gida zai ci, a bar saura. Kuma kada a yar da tsinkakken zare a bakin ruwa, yana sarƙe ƙafar tsuntsu da ta dabba.

Lafiyar mai fatsa

Tsargiya. Ita ce fitsarin jini. Ba alamar balaga ba ce, cuta ce. Mai ita in ya yi fitsari a ruwa, ƙwanta sukan ƙyanƙyashe su shiga ƴar katantanwa. Daga nan tsutsar, wadda ido ba ya gani, ta fito ta huda fatar wanda ya shiga ruwan. Mai fatsa a gaɓa yake tsayawa, ba dole ya shiga ba. In kifin ƙarya ya maƙale, a jawo shi da dogon kara, ko a haƙura. Cokali bai kai lafiya ba. Wanda ya ga jini a fitsari ya tafi likita, akwai magani. Kada a ce cuta ba ta ƙarewa. Kurkunu ya wahalar da kakanni, amma da tace ruwa da kula, a 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shaida Nijar ta rabu da shi.

Dalma. Wasu suna fasa tsohon batirin mota su narkar da dalma domin abin nauyi. Dalma guba ce, ta fi cutar da yara. A 2010 a jihar Zamfara ta Najeriya yara wajen 400 suka rasu saboda dalmar da ke cikin dutsen zinariya da ake niƙawa a gidaje. Kada a narkar da ita a gida. Kada a danne ta da haƙori. Noti yana yin aikin.

Rauni. In ƙugiya ta shige nama har kunnenta, kada a fizge ta baya. A yanke zaren a tafi likita, a nemi allurar tetanos. A kula da ƙayar tarwaɗa da ta kurungu, a riƙe su ta bayan kai.

Nutsewa. Yaro ba ya zuwa tabki shi kaɗai. Kududdufan cikin gari, inda aka haƙi ƙasar gini, suna da rami mai zurfi da ba a gani. Kuma ruwan kwata da shara a cikinsu suke taruwa. Ba wurin wanka ba ne, ba wurin neman abin miya ba ne.

Doka da ladabi

Ruwa yana da masu shi. Baƙo in ya isa tabki ya soma gaida mai gari da Sarkin Ruwa, ya tambaya ko an buɗe su, da inda aka hana. Kada ya jefa ƙugiya kan kallin wani ko mamarinsa. Kada ya taɓa kifin da ke cikin tarkon wani, wannan sata ce. Kada ya tattake lambun mutane, ko ya tare mashayar dabbobi.

Gwamnati ma tana da doka. An kafa dokar su a 1998, aka sake sabuwa a 2021 wadda ta haɗa da kiwon kifi. Su da guba da su da nakiya haramun ne, akwai hukunci. Game da takardar izini, kafin a soma a je ofishin ma'aikatan ruwa da daji a tambaya. Tambaya ba ta cin kuɗi, tara kuwa tana ci.

Tambayoyi domin tattaunawa a aji

1. Wane kifi ne ke bin wari, wane ne ke farauta da ido?

2. Me ya sa ake sa waya guda tun daga hanci har wutsiya a kifin itace?

3. In kifi 4 suna yin kilo 1, kifi 60 kilo nawa ne?

4. A tabkin da ya fi kusa da ku, a wane wata ya kamata a hana su? Wa zai tsare wannan hani?

Aikin mako: kowane ɗalibi ya ƙera kifin ƙarya guda ya kawo aji, a gwada cikin daro. Ya kuma rubuta sunayen kayan da ya yi aiki da su a littafinsa. Wanda ya je tabki ya rubuta rana, da lokaci, da irin kifin da ya kama. Bayan shekara littafin nan zai gaya masa abin da ba wanda ya gaya masa.

Jama'a, gidan sauro ya koma kan gado. Maganin feshi ya tsaya a gona. Ƙugiya ta tafi tabki. In an yi haka, yaran da ke zaune a bayan aji yau za su tarar da kifi a Gidimuni da Lasuri in sun girma.

Allah ya ba da damina mai albarka, ya cika tabkuna, ya ba da lafiya da zama lafiya. Amin. A sauka gida lafiya.